Kewar Intanet na Farko a Wajen Magoya Bayan Ƙwallon Jami'o'in Amurka

Kewar intanet na farko bege ne da ya yaɗu tsakanin magoya bayan ƙwallon jami'o'in Amurka, musamman waɗanda suka fara hira da musu a kan wasan ta kwamfuta daga farkon shekarun 1990 zuwa wajejen 2010. Wasan da ake nufi ba tamaular da aka sani ba ce. Ƙwallo ne mai siffar ƙwai da ake runguma a ruga da shi, 'yan wasa na sanye da hular kwano. Ana ƙirga tarihinsa daga 1869, shekarar da Rutgers ta doke Princeton, kuma a jihohi irin su Alabama da Nebraska babu ƙungiyar da ta kai ta jami'a daraja a idon jama'a. Filin jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum fiye da 107,000.

Mafari

Wasan da kansa ne ya shirya wa intanet wuri, domin tun asali rabinsa musu ne. Ƙungiyoyin babban mataki sun haura ɗari, kowace kuma wasa goma sha ɗaya ko sha biyu take bugawa a kaka, saboda haka yawancinsu ba sa haɗuwa. Shekaru da yawa ƙuri'ar 'yan jarida da ta masu horarwa ce ke fitar da zakara, ba wasan ƙarshe ba. Kowa na da hujjar cewa an zalunci tasa ƙungiyar. Ga kuma matsalar nisa: wanda ya gama karatu a Tennessee aiki ya kai shi Seattle ba zai ga komai game da ƙungiyarsa a jaridar garin ba sai sakamako a layi ɗaya.

Jami'o'i na cikin waɗanda suka fara samun intanet, kuma ɗalibai biyu na jami'ar Duke, Tom Truscott da Jim Ellis, su suka ƙirƙiro Usenet a 1979, tsarin zaurukan rubutu zalla, babu hoto babu murya. Zauren rec.sport.football.college ya zama matattarar masu son wasan daga kowace kusurwa. Yawancinsu ɗalibai ne da malamai da injiniyoyi, da yawa kuma suna rubutu da adireshin imel na makarantarsu, don haka tun kafin mutum ya faɗi ra'ayinsa an san inda ya dosa. Kowace Satumba sababbin ɗalibai kan cika zaurukan, a yi wata guda ana koya musu ladabin wurin. Da kamfanonin kasuwa irin su AOL suka buɗe wa kowa ƙofa a 1993 da 1994, sai tsofaffin 'yan zaure suka riƙa cewa Satumbar nan ta ƙi ƙarewa. Ke nan kewar ba sabuwa ba ce.

Asabar ɗin mai goyon baya a tsakiyar shekarun 1990 ga yadda take. Zai jona kwamfuta da layin tarhon gida, modem ya yi ta ƙugi da tsuwa kafin ya kama, kuma muddin yana kai ba mai iya kiran gidan. Idan wani ya ɗaga kan tarho a ɗaya ɗakin, layi ya tsinke. Can a garin da ake wasa, wani da ke zaune kusa da rediyo yana buga abin da ya ji, layi bayan layi, mutane a jihohi masu nisa suna sake loda shafi suna jira. A 1995 aka kafa AudioNet a Dallas, wanda Mark Cuban da Todd Wagner suka raya saboda son jin wasan ƙwallon kwando na jami'arsu ta Indiana daga nesa; shi ne ya koma Broadcast.com, Yahoo ta saye shi a 1999 kan dala biliyan 5.7. Muryar mai sharhi tana yankewa tana dawowa, amma ga wanda ya yi shekaru bai ji ta ba, hakan ma gata ne.

Zaurukan ƙungiyoyi

Daga 1996 zuwa farkon shekarun 2000 kowace babbar ƙungiya ta samu nata zaure, galibi wani mai goyon baya ne ya kafa shi da kuɗin aljihunsa. Akwai HokieCentral na Virginia Tech, wanda ya koma TechSideline, da TexAgs na Texas A&M, da TigerDroppings na LSU. A nan ne abin da aka fi kewa ya samu. Zauren ya yi kama da teburin mai shayi: mutanen jiya su ne na yau, kowa da laƙabinsa, an san mai zuzutawa, an san mai baƙin baki da ke hango shan kashi tun ana cin nasara, an san wanda kullum yake da “wani na ciki” da ya tsegunta masa. Mutum kan yi shekara goma yana faɗa da laƙabi guda, ranar wasa su haɗu a filin ajiye motoci su ci nama tare. Idan ɗan zaure ya rasu, a yi ta'aziyya, wani lokaci har a tara wa iyalinsa gudummawa.

A 1998 aka kawo tsarin BCS, wanda ya haɗa ƙuri'ar mutane da lissafin kwamfuta don zaɓar ƙungiyoyi biyu da za su buga wasan ƙarshe. Ba a taɓa ba masu musu abinci irin wannan ba. Magoya baya suka koyi warware lissafin Jeff Sagarin da na Kenneth Massey, suna hasashen jerin mako tun kafin a fitar. A kakar 2003 USC ce ta ɗaya a ƙuri'ar 'yan jarida da ta masu horarwa amma lissafi ya bar ta a waje, aka tashi da zakaru biyu, ita da LSU. A 2004 Auburn ta cinye duk wasanninta, ba ta samu gurbi ba.

Kasuwa ba ta daɗe ba ta hango. Jim Heckman ya kafa Rivals a Seattle a 1998. Kamfanin ya durƙushe a 2001, Shannon Terry da abokansa suka sayi abin da ya rage suka mayar da shi na biyan kuɗin wata. Hajar da suke sayarwa ita ce labarin 'yan sakandare da jami'o'i ke zawarci, kowane yaro da taurarinsa, biyar ga wanda ya fi. A wancan zamani, Laraba ta farko a Fabrairu, ranar sa hannu, manyan mutane kan ƙi yin aikin ofis suna jiran takardar yaro ɗan shekara 17 ta fito daga na'urar fas. Yahoo ta sayi Rivals a 2007.

Zamanin marubuta masu zaman kansu

Tsakanin 2004 da 2012 wasu magoya baya suka buɗe shafukan kansu suna rubutu kullum, ba edita ba ubangida. Brian Cook ya fara MGoBlog a 2004, inda yake bin wasan Michigan taku bayan taku yana ba kowane ɗan wasa maki. Spencer Hall ya fara Every Day Should Be Saturday a 2005 da sunan aro Orson Swindle, ya mayar da shirmen wasan abin barkwanci mai gwaninta. Marubutan suna karanta juna, suna tura masu karatu wurin juna, har suka kafa tasu ƙuri'ar mako don kishiyantar ta 'yan jarida.

Sun kuma yi dace da lokaci. A 4 ga Janairun 2006 Texas ta doke USC 41 da 38. A 1 ga Janairun 2007 Boise State ta doke Oklahoma 43 da 42 da dabarun yaudara, kuma sabon dandalin YouTube ya sa aka yi ta maimaita kallo. Kakar 2007 ita ce masu kewa suka fi ambata: ƙaramar Appalachian State ta je har gida ta doke Michigan 34 da 32, Stanford ta kayar da USC, manya suka yi ta faɗuwa mako bayan mako, LSU ta ɗauki kofi bayan an doke ta sau biyu.

Watsewa

Ba rana ɗaya abin ya mutu ba. Twitter da Facebook da Reddit suka janye hira zuwa manyan dandali inda na'ura ke zaɓar abin da mutum zai gani, baƙo da ɗan gida kuma duk ɗaya. An rufe GeoCities a Amurka a 2009 tare da ɗimbin shafukan magoya baya, an rufe Google Reader a 2013, wanda da shi mutane da yawa ke bin marubutansu. Every Day Should Be Saturday ya tsaya a 2019.

Wasan ma ya sauya a daidai wannan lokaci, shi ya sa da wuya a raba kewar biyu. An maye gurbin BCS da gasar ƙungiyoyi huɗu a 2014, aka faɗaɗa zuwa 12 a 2024, musu ya ragu. Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe ƙofar cacar wasanni a 2018, tallar caca ta cika sharhi. Daga 2021 'yan wasa suka samu damar cin kuɗin sunansu, sauya makaranta kuma ya yi sauƙi. Kuɗin talabijin ya rusa rukunonin yanki: a 2024 goma daga cikin ƙungiyoyi 12 na rukunin Pac-12 suka fice, USC da UCLA na gaɓar yamma suka koma buga wasa da Rutgers ta gaɓar gabas.

Sai dai masu kewa kan yi wa zamanin kwalliyar da bai cancanta ba. An buɗe shafin neman a kori koci Ron Zook tun farkon 2002, lokacin da Florida ta ɗauke shi, bai ko jagoranci wasa ba. A 2003 labarin zuwan sabon kocin Alabama, Mike Price, gidan rawar tsiraici ya fara yawo a zaurukan magoya baya kafin jaridu su ɗauka, aka sallame shi bai jagoranci wasa ko ɗaya ba. A 2007 wani mai goyon bayan Arkansas ya yi amfani da dokar 'yancin samun bayanai ya karɓo bayanan kiran wayar koci Houston Nutt. Zagin yara 'yan sakandare saboda sun zaɓi wata makaranta an yi shi a waɗannan zaurukan, mata kuma ba kasafai ake sakar musu fuska ba. Da magoya bayan Tennessee suka yi ca a Twitter a 2017 har aka fasa ɗaukar Greg Schiano a matsayin koci, darasin tsofaffin zauruka suka maimaita, sai dai da babbar lasifika. Haka nan zaurukan ne suka nuna wa 'yan kasuwa cewa mai goyon baya zai biya kuɗi kowane wata don jin jita-jita.

Da yawa daga cikin zaurukan suna nan. TexAgs ya zama kamfanin labarai mai ma'aikata da shirye-shirye, MGoBlog na ci gaba da fitowa, Spencer Hall da abokansa sun koma shirin murya da wasiƙar da masu karatu ke biya. Shannon Terry ya kafa 247Sports a 2010, CBS ta saya, ya kafa On3 a 2021, kuma a 2025 On3 ta karɓi Rivals daga hannun Yahoo.