Talo-talo a Kan Banda: Baƙon Tsuntsu da Tsohuwar Dabarar Hayaƙi a Kaduna

Abin da wannan maƙala take son bi shi ne tarihin haɗuwar abubuwa biyu a gidajen Kaduna ta arewacin kogi, watau tsohuwar dabarar Hausawa ta adana nama da hayaƙi, da kuma baƙon tsuntsun nan da ake kira talo-talo. Ga alama batun ƙarami ne, amma a cikinsa akwai zancen aron kalma, da na fiƙihu, da na wutar lantarki, har da na lafiyar masu ci, domin kuwa kalma guda, ƙyafewa, ita ce a yanzu ake ɗora wa ayyuka biyu waɗanda manufarsu ba ɗaya ba ce.

Bahaushe ya rarrabe ayyukan wuta a kan nama rarrabewa mai kyau. Gashi shi ne a kusantar da nama ga garwashi har ya nuna, don a ci nan take, kamar tsire a gindin tukuba ko balangu a kan raga. Babbaka ƙona gashin kai da ƙafa ce. Suya da mai ake yin ta. Kilishi kuwa aikin rana ne, wuta sai a ƙarshe take ɗan lasar sa. Amma ƙyafewa da banda daban suke da waɗannan duka: a nisanta nama ko kifi daga harshen wuta, a bar zafi kaɗan da hayaƙi su yi ta aiki a kansa yini guda ko kwanaki, har ruwan jikinsa ya ƙone. Manufar ita ce ajiya, ɗanɗanon hayaƙin kuwa gyara ce kawai aka samu a kan ciniki.

Idan aka duba su wane ne ma'abota wannan dabara, sai a ga mutane ne waɗanda nama yakan zo musu da yawa a lokaci guda, nesa da kasuwa. Maharbin da ya kashe gwanki a dawa ba shi da wata hanyar kai shi gida sai ya yi masa banda. Haka masunci. Kifin bandar da ake lodi daga Baga a bakin tafkin Cadi zuwa kasuwannin kudu ya sa kalmar nan ta Hausa ta shiga bakin 'yan kasuwar da ba su jin Hausa ma. Cikin gida kuwa, lokacin yalwar nama shi ne Babbar Salla, inda mata sukan soya naman layya ya bushe ƙayau, wani kuma a shanya ko a ƙyafe. Kaza ba ta cikin wannan lissafi. Kazar Hausa ƙarama ce, ana yanka ta ne don baƙo ko maras lafiya, ba ta kuwa kwana a tukunya. Mafi kyawun hanyar adana ta shi ne a bar ta da ranta tana kiwo a tsakar gida.

Shi talo-talo asalinsa ƙasar Meziko ne, inda mutanen wurin suka mai da shi na gida tun kafin zuwan Turawa. Sifaniyawa ne suka ketarar da shi Turai a farkon ƙarni na 16. Sunayensa a harsunan duniya abin dariya ne ga mai nazarin harshe, don kowa ya jingina shi ga ƙasar da ba tasa ba: Faransawa da Turkawa sun danganta shi da Indiya, mutanen Fotugal da ƙasar Peru, Larabawa suka ce zakaran Rum ne ko na Habasha. Ingilishi kuwa sun ba shi sunan ƙasar Turkiyya, kuma dalilin ya shafi ƙasar Hausa ta wata fuska. Zabon Afirka ne suka fara kira da wannan suna, saboda ta hannun fataken daular Turkawa yake isa gare su, da sabon tsuntsu ya zo sai suka haɗa su a suna ɗaya. Ko sunan kimiyya da Linnaeus ya ba talo-talo a 1758, watau Meleagris, tsohon sunan zabo ne a Girkanci. Hausa ba ta shiga wannan ruɗani ba. Kalmar talo-talo 'yar'uwar tolotolo ce ta Yarbanci, wadda ake jin kukan tsuntsun a cikinta, kuma wannan kama ta isa ta nuna cewa ta kudu, daga bakin teku, tsuntsun ya hauro, ba ta hamada ba.

Tsuntsu ne da ya sami gida amma bai sami gurbi a ibada ba. A fiƙihun Malikiyya, wanda shi ake bi a ƙasar Hausa, layya ba ta inganta sai da tumaki ko awaki ko shanu ko raƙuma, yankan suna kuma da rago ko akuya ake yin sa. Komai girman talo-talo, tsuntsu ne. Saboda haka sai ya zama abin ado da alfarma, ana ajiye shi a gidajen masu hali kusa da agwagwa da ɗawisu. A wajen Turawan Ingila kuwa shi ne naman Kirsimati, a Amurka kuma naman bikin godiya da Shugaba Lincoln ya mayar na ƙasa baki ɗaya a 1863.

Kaduna ita ce irin garin da waɗannan al'adu za su haɗu. Gari ne da mulkin mallaka ya kafa: Lugga ya zaɓi wurin a 1913 a inda hanyar jirgin ƙasa daga Ikko zuwa Kano ta ƙetare kogi, aka kuma taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan a 1917. Gidan gwamna da barikin soja da ofisoshi da unguwar Turawa duk a arewacin kogi aka yi su, kusa da su kuma unguwannin ma'aikata da 'yan kasuwa irin su Tudun Wada suka tashi. A nan kuku da boyi, waɗanda da yawansu Hausawa ne ko masu jin Hausa, suka koyi gasa tsuntsu ɗungurungum a cikin tanderu, abin da bai saba da girkin gida ba ta fuskar yanka, amma ya saba ta fuskar girma. Namijin talo-talo guda yakan yi nauyin kajin Hausa huɗu ko biyar. Wannan shi ne karo na farko da tsuntsun gida ya haifar da tambayar da a da sai rago ko naman dawa ke haifarwa: yaya za a yi da abin da ya rage?

Amsar da zamani ya bayar ita ce firiji. An gama madatsar Kainji a 1968, aka kafa hukumar NEPA a 1972, kuɗin man fetur kuma suka sa ma'aikacin gwamnati a Unguwar Rimi ko Malali ya iya sayen na'urar sanyi. Shirin ciyar da ƙasa na 1976 ya ƙarfafa kiwon kaji a bayan gida. Na ɗan lokaci kamar hayaƙi ya gama aikinsa a birni, ya koma abin ƙauye. Amma wutar ba ta tsaya ba. An ƙara madatsar Shiroro a 1990, a kan kogin Kaduna kansa, an sauya wa hukumar suna a 2005, an sayar da sassanta ga 'yan kasuwa daga 2013, duk da haka uwargida a Kawo ko Badarawa ba ta daina lissafin sa'o'in da firjinta ya yi a kashe ba.

Wasu abubuwa uku sun ƙara tura mutane ga tsuntsu mai rai. Gwamnatin Obasanjo ta hana shigo da daskararrun kaji da talo-talo a 2003, sai cinikin ya koma fasa-ƙwauri ta iyakar Jamhuriyar Benin, da doguwar tafiya cikin zafi. Musulmi mai tsantseni kuma yana da shakkar yankan. Na biyu, a watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona a Jaji, arewa da birnin, wanda shi ne karon farko da aka ga wannan nau'i mai kisa a Afirka, mutane suka ƙara son ganin tsuntsu da idonsu kafin a yanka. Na uku ya fi ciwo. Rikicin 2000 da na 2002 sun sa kogin ya zama iyaka, Musulmi suka rinjaya a arewa, Kirista a kudu. Kasuwar talo-talo ta Disamba ba ta mutu ba, sai dai mai kiwo da mai saye sukan kasance a gaɓa biyu. A arewa kuwa tsuntsun ya kuɓuta daga kalandar Kirsimati, ana yanka shi don walima ko Ƙaramar Salla ko saukar babban baƙo.

A nan ne ayyukan nan biyu suke rikicewa. Salon da ya yaɗu daga Amurka ta talabijin da intanet shi ne a jiƙa tsuntsu gaba ɗayansa a ruwan gishiri, a rufe shi cikin ganga ko akwatin ƙarfe, a bar shi sa'o'i da yawa a zafin da ya ɗan haura digiri 100, hayaƙin itace mai ƙamshi yana ratsa fatarsa, har tsakiyar tsokar ƙirji da cinya ta kai digiri 74. Wannan dahuwa ce da hayaƙi. Gwanintar mai yin ta ita ce naman ya fito da ruwansa, ruwan nan kuwa shi ne abin da tsohuwar banda take yaƙi da shi. Sinadaran hayaƙi masu kashe ƙwayoyin cuta a saman nama suke tsayawa, ba su kai can cikin tsoka mai kauri. Irin wannan nama, in ba a ci ba, firiji yake bukata cikin sa'o'i biyu, kamar kowane dafaffen abinci. Wanda ya ji an ce ƙyafaffe ne, ya rataye shi a ɗakin girki kamar yadda kakarsa take rataye kifin banda, a zafin Kaduna na watan Maris ko Afrilu, to sunan ya yaudare shi, kuma cikinsa da na 'ya'yansa ne za su biya.

Hanyar Hausa ba ta yarda da tsuntsu ɗungurungum ba. Sai an fede shi, an raba gaɓoɓi, an tsaga tsoka ta yi faɗi da sirantaka, an cire kitse don shi ne yake fara ɓaci, an shafa gishiri da yaji, sa'an nan a ɗora a raga nesa da wuta, ana juyawa. Kashegari a sake nuna masa wuta, haka bayan kwana biyu ko uku, muddin ana son ya daɗe. Sanyin hunturu da busasshiyar iskarsa suna taimakawa, damina kuwa tana kawo hunhuna. Itacen ma abin lura ne. Marke da ƙirya an san su da garwashi mai daɗewa, amma a birnin da itace ya yi tsada ana samun mai jefa guntun katako mai fenti ko roba a wuta, hayaƙin waɗannan kuwa guba ne mai maƙalewa a nama. Abin da yake fitowa daga wannan banda baƙi ne, mai tauri, ba ya yankuwa a faranti gaban baƙi. Sai an jiƙa shi a ruwan zafi, an kuma bar shi ya daɗe a miyar kuka ko ta kuɓewa, kafin ya saki.