Barazanar Maƙwabta

Mai karatu, mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya, da wuya mu tuna cewa ƙasar nan ta rawa da waƙa tana riƙe da makamin ƙare dangi.

Indiya da Pakistan ƙasa ɗaya ce kafin a raba ta a 1947, kuma tun daga nan suke rigima a kan Kashmir. Indiya ta fara gwada bam ɗin nukiliya a 1974. A ranakun 11 da 13 ga Mayun 1998 ta sake gwaji a Pokhran. Kafin watan ya ƙare, ranar 28, Pakistan ta rama a duwatsun Chagai. Mutane suka fito tituna suna murna har da rabon alewa, kai ka ce biki ake.

To, ni a ganina wannan ganga baki biyu gare ta. Ɗaya na tsorata maƙwabci, ɗaya na ruɗar talakan gida ya manta da yunwarsa. Kuma ba ta hana faɗa ba, domin a 1999 suka gwabza a Kargil, ɗaruruwan sojoji suka mutu, mata suka shiga takaba. Sai da Bill Clinton ya sa baki Nawaz Sharif ya amince da janyewa.

Abin tsoron shi ne, tsakanin Lahore ta Pakistan da Amritsar ta Indiya kilomita 50 ne kacal. Wallahi wanda ya cinna wa gidan maƙwabcinsa wuta, iska ba za ta tambayi inda katanga take ba.

Allah Ya kiyashe mu.