Ruwan Baya da Sunan Ƙwayar Sanƙarau

Mai karatu, idan ka taɓa jinyar yaro a Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata ko a Asibitin Yara na Hasiya Bayero, mai yiwuwa ka ga irin wannan: likita ya ce za a ɗebi ruwan bayan yaro a kai ɗakin gwaji, sai uba ya yi shiru, ya ce a bari ya yi shawara da gida. Sau da yawa shawarar takan ƙare da a'a. Ni da nake aikin ba da magani a asibiti na daina ganin wannan tsoro a matsayin jahilci, domin yana da tarihi, kamar yadda shi ma gwajin yake da nasa.

Sanƙarau tsohon baƙo ne a ƙasar Hausa. Yakan sauka bayan ƙurar hunturu ta busar da hanci da maƙogwaro, ya yi ƙamari a bazara, ya ja da baya idan damina ta faɗi. A lungunan cikin ganuwa, inda mutane da yawa kan kwana ɗaki guda, numfashi da tari sun isa su kai shi daga shimfiɗa zuwa shimfiɗa, kuma mai lafiya garau kan ɗauki ƙwayar a maƙogwaronsa bai sani ba. Wani likita a birnin Biyana, Anton Weichselbaum, shi ya fara ware ta daga ruwan bayan marasa lafiya a 1887, shekaru uku bayan Hans Christian Gram ya fito da hanyar rina ƙwayoyin bakteriya don a bambance su. Har gobe da rinin nan ake aiki. Ruwan bayan mai lafiya garai yake kamar ruwan sha, na mai sanƙarau kuwa yakan yi gurɓi. Idan aka rina shi aka duba a madubin hangen ƙwayoyin cuta, sai a gan su bibbiyu, jajaye, kamar ƙwayoyin wake sun fuskanci juna. Daga nan a shuka su a faranti mai abincin da aka haɗa da jini, a ajiye a ɗumi irin na jikin mutum kwana ɗaya zuwa biyu, a ga irinsu da maganin da ke kashe su.

Wani ɓangare na wannan ilimi a maƙwabtanmu ya girma. Daga 1970 Brian Greenwood da abokan aikinsa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun yi shekaru suna nazarin sanƙarau, suka inganta hanyoyin gane ƙwayar cikin hanzari. A can ne kuma aka nuna cewa allura guda ta kuloramfenikol mai daɗewa a jiki tana iya warkar da cutar, abin da ya yi rana a ƙauyukan da babu ma'aikatan da za su yi ta allura dare da rana.

Sai 1996. Ina ƙarami a lokacin, amma babu gidan da ba a ba da labarin shekarar. Fiye da mutum 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, ga kwalara da ƙyanda a lokaci guda. Asibitin Zana ya cika ya batse. Ana cikin haka kamfanin Pfizer na Amurka ya zo ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a kan yara wajen 200: kusan rabi aka ba su shi, sauran aka ba su seftiriyazon. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da nakasa. Iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musa, ya ce cutar ce ta yi ɓarnar. Aka yi ta shari'a har 2009, lokacin da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Kafin nan tabon ya riga ya yi aikinsa, don yana cikin hujjojin da aka kafa a 2003 wajen ƙin rigakafin shan inna. Kalma ɗaya, gwaji, ta haɗe abubuwa biyu a kunnen mutane: gwada sabon magani a jikin yaro, da binciken ruwan jikinsa don a san me ke damunsa. Na farko ba ya halatta sai da cikakken bayani da yardarka. Na biyu shi ma kana da ikon tambaya a kansa, sai dai ƙin sa yakan bar likita yana lalube cikin duhu.

Dubi abin da sanin sunan ƙwayar ya haifar. Binciken shekaru ya nuna cewa rukunin A ne ke jawo manyan annobai, sai aka ƙera masa rigakafin MenAfriVac, wanda ya fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ya iso Nijeriya a 2011. Rukunin A ya kusa ɓacewa. A 2017 sanƙarau ya sake ɓarkewa a Zamfara da Sakkwato da Katsina, ya kashe fiye da mutum 1,000, mutane suka ce ashe rigakafin banza ne. Ɗakin gwaji ne ya warware zancen: rukunin C ne, wanda waccan allura ba ta shafe shi ba. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da Men5CV, mai kariya daga rukunai biyar. Duk wannan daga ruwan bayan yaran da iyayensu suka ce to aka gano shi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya a wurin aikina shi ne kemis. Yaro ya tashi da zazzaɓi da ciwon kai, wuya ya sanƙare ko maɗigar jariri ta kumbura, sai a sayo kafso rabin kati a ɗura masa kwana biyu. Maganin bai isa ya warkar ba, amma ya isa ya hana ƙwayar tsirowa a faranti, sakamako ya fito babu komai alhali yaron yana ƙara nauyi. A asibiti ba a jiran sakamako kafin a fara allura. Ana ɗibar ruwan ne a fara magani nan take, sakamakon ya zo ya gyara hanya. In har an riga an ba shi wani abu a gida, to ka zo da kwalin ko kwalbar, ka faɗi ranar da aka fara da yawan da ya sha.