Daga dillali zuwa lauya: rikicin ciniki a ƙasar Dakoro

A cikin wannan ɗan bincike muna so mu duba wanda ke tsaya wa ɗan kasuwa idan ciniki ya ɓaci a Dakoro, garin da Faransawa suka kafa mazaunin mulki a cikinsa a shekarar 1947, a kan iyakar manoma da makiyaya.

Za mu fara daga kalmomi. “Alƙali”, “shari'a” da “dillali” daga Larabci Hausa ta aro su tun da daɗewa. “Lauya” da “kotu” kuwa daga Ingilishi suka shigo ta hanyar Nijeriya, ko da yake a Nijar da Faransanci ake shari'ar. Wannan ya nuna mana cewa lauya baƙo ne, dillali kuma ɗan gida. A kasuwar dabbobi dillali ne ke haɗa mai saye da mai sayarwa, shi ne shaida, shi ke lamuni idan bashi ya shiga, shi ake nema idan aka ce bisar ta sata ce. Ba a rubuta kome. Amana ce takarda. Haka Emmanuel Grégoire ya bayyana sha'anin alhazan Maraɗi a littafinsa na 1986.

Mulkin mallaka bai rushe wannan tsari ba. Dokar 10 ga Nuwamba 1903 ta raba shari'a gida biyu a Afirka ta Yamma ta Faransa: kotunan Faransawa da kotunan ƴan ƙasa. Aikin lauya yana gida na farko. Bayan ƴancin kai, dokar 16 ga Maris 1962 ta bar wa al'ada matsayinta a gaban alƙali, ta 30 ga Maris 1993 kuma ta amince wa sarakunan gargajiya, irin na Kornaka da Birnin Lalle, su sasanta mutane har kan ciniki.

Canji ya zo ran 17 ga Oktoba 1993, lokacin da Nijar ta sa hannu a yarjejeniyar OHADA a Port-Louis. Daga 1998 dokar kasuwanci ta zama ɗaya ga ƙasashen ƙungiyar, hukuncin ƙarshe kuma yana hannun wata kotu a Abijan, inda ba a shigar da ƙara sai ta hannun lauya. A nan aikinsa ya fito fili: ya tattara hujja, ya rubuta ƙara, ya nemi a ƙwato bashi, ya kiyaye wa'adin ɗaukaka ƙara. Dokar 2015 ta kafa kotunan kasuwanci, ta Yamai ta soma aiki a 2016. Mafi yawan lauyoyi a Yamai ɗin suke, nesa da Dakoro.

Abin lura shi ne dokar OHADA ta yarda a kafa hujja a kan ɗan kasuwa ta kowace hanya, har da shaidar baki. Ke nan maganar dillali tana iya shiga kotu, amma sai ta bi ta bakin tafinta, sannan lauya ya mai da ita Faransancin shari'a. A kowane mataki ma'ana tana iya zubewa: “amana”, “lamuni” da “jingina” ba abu ɗaya ba ne, dukiyar mutum kuma tana iya rataya ga kalmar da aka zaɓa.

A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar. A ganinmu, aikin da ke jiran masana harshe shi ne tattara kalmomin ciniki daga bakin dillalai da kansu, a tantance ma'anarsu tare da masana shari'a, domin mai ƙara ya gane abin da ake faɗa da sunansa.