Zuciyar Maijego a Kan Allo

A Zakirai, lokacin ina yaro, idan mace ta haihu ƙafafunta suka kumbura, ta fara haki tsakanin ɗaki da madafi, tsofaffi sukan ce sanyi ne ya shige ta, wanka bai kama ta ba. Sai a ƙara wa tukunya wuta, a ƙara wa kunu kanwa. Haka aka yi wa yayata. Ina tuna ta da tsakar dare, zaune, ta jingina da bango, don da ta kwanta numfashi yake neman ɗaukewa. Ba ta ga yayen ɗanta ba. Sai da na fara aikin ɗaukar hoton zuciya a Kano na san sunan abin da ya tafi da ita.

Magabatanmu a wannan aiki da kunne suka fara. Jarinsu shi ne abin sauraren ƙirji da Laennec ya ƙirƙiro a Faris a 1816, sai hoton ƙirji, wanda inuwar zuciya kawai yake nunawa, ta yi girma ko ba ta yi ba. Da irin waɗannan kaya Neil Davidson da Eldryd Parry suka bi mata 224 masu irin ciwon yayata a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, suka fitar da sakamako a 1978. Zarginsu ya faɗa kan abin da ake yi a gidajenmu: wankan jego da ruwa mai tsananin zafi safe da yamma, kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Hujjarsu kuwa ba ta banza ba ce. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki.

Na'urar da muke kira eko a garin Lund na Suwidin aka fara gwada ta a 1953, inda Inge Edler da Hellmuth Hertz suka aro wani inji da maƙeran jiragen ruwa ke neman tsaga a ƙarfe da shi, suka ɗora a ƙirjin mutum. Da ta iso Zariya, layuka ne kawai masu hawa da sauka take zanawa. Duk da haka John Sanderson da abokan aikinsa sun ruwaito a 1979 cewa da yawa daga masu jegon zuciyarsu tana matsawa ba laifi, ruwa ne ya yi mata yawa. Wannan ya ƙara ɗaure kanwa da laifi. Haka aka koya mana, haka muka yi ta faɗa wa mata.

Yau kam ido ne yake gani. Maijego ta kwanta ta gefen hagu, in shafa mata mai, in ɗora kan na'urar tsakanin haƙarƙarinta. Lafiyayyar zuciya damƙa take yi, kamar hannu yana matsar jiƙaƙƙiyar tsamiya, tana tura fiye da rabin jinin da ke cikinta a kowane bugu. Ta mai wannan ciwo takan buɗe kamar salka, bangonta na motsi da ƙyar, abin da take turawa bai kai kashi 45 cikin 100 ba. Wani lokaci har gudan jini nake hangowa a lungun ƙasa, wanda in ya ɓalle zai iya shanye mata ɓarin jiki. A nan surukar da ta rako ta takan matso ta ce, “Likita, kanwar ce ko?”

Da can da sauri nake cewa e. Yanzu nakan ce, “Inna, a daina ba ta, don tana ƙara mata kumburi, amma ba ita kaɗai ba ce.” Tun 1992 likitoci a Yamai suka lura da ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin irin waɗannan mata. A Sakkwato an ruwaito a 2007 cewa ana samun ciwon sau 1 a haihuwa 102. Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya bi sawun seleniyam ɗin, ya kuma jagoranci binciken PEACE a asibitocin Najeriya daga 2017. Abin da ya fito fili shi ne rama, rashin karatu, rashin sana'a, hawan jinin masu ciki da ƙarancin seleniyam. Wanka da kanwa ba su riƙe matsayin da aka ba su ba. Wannan ya taɓa ni, domin na san abin da yayata take ci a damina kafin sabon gero ya shigo.

Ciwon ya fi yawa a karkara, na'urar kuma tana birni. Matar Zakirai sai an haɗa kuɗin mota, an biyo ta Gezawa, kuma sau da yawa sai an jira ta yi arba'in. Shi ya sa duk ungozomar da na haɗu da ita a gida nake roƙonta ta riƙa tambayar maijego ko tana iya kwanciya a miƙe. Wata ta yi hakan, ta turo mana yarinya kwana kaɗan bayan suna. Bayan wata shida a kan magani ta dawo da goyonta, na ɗora na'urar, bangon zuciyar yana damƙa, na juya allon wajen mahaifiyarta don ita ma ta gani.