Shirin Tafiya Shi Ne Rabin Tafiya: Labarin Jirgin Pleiad a Kogin Kwara da Binuwai

Duk wanda ya tsaya a bakin Kogin Kaduna da damina, ya ga yadda ruwa ke gangarawa kudu maso yamma, da wuya ya kawo a ransa cewa wannan ruwan hanya ce da ta kai har teku. A Muregi cikin ƙasar Nufe yake haɗuwa da Kwara, wurin da Kuta, sarkin Kede, yake da zama. Tun da daɗewa Kede da Kakanda ke safarar kaya da mutane a cikin manyan kwalekwale, sun san inda dutse yake, sun san lokacin cikar ruwa da na janyewarsa. Baƙin da suka zo daga Turai ba su da wannan sani. Shekara ashirin da biyu suka yi suna biyan kuɗin koyo da rayukansu kafin su gane abin da ya kamata a zuba wa jirgin da zai yi doguwar tafiya a kogunanmu.

A shekarar 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka tabbatar wa Turawa cewa Kwara a teku yake zubewa. Shekara biyu bayan haka wani ɗan kasuwa, Macgregor Laird, ya taso daga Liverpool da jiragen tururi biyu. Ɗaya sunansa Quorra, wato Kwara, ɗayan kuwa Alburkah, wanda ba kome ba ne illa kalmarmu ta albarka. An ƙera Alburkah da ƙarfe a zamanin da katako aka sani, aka cika jiragen da hajar ciniki da makamai. Sai dai albarkar ta tsaya a suna. Cikin Turawa 48 da suka shigo, 9 kaɗai suka tsira, akasarin sauran zazzaɓi ya kwashe.

A 1841 gwamnatin Birtaniya ta sake ɗaura ɗamara da jirage uku: Albert da Wilberforce da Soudan. A lokacin likitocinsu sun ɗauka mugunyar iskar fadama ce ke kawo cutar, don haka suka kashe dukiya wajen ɗora wa jiragen na'urar tace iska. Sauro kuwa ba ya neman izinin na'ura. Cikin Turawa 145, fiye da 40 suka mutu, aka juya da majinyata. Abin da ya yi saura na amfani daga wannan tafiya shi ne aikin J. F. Schön, wanda ya duƙufa kan harshen Hausa har ya buga littafin kalmominsa a 1843.

Dalilin tafiya ta uku wani matafiyi ne, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim. A 1851 ya haye Binuwai a kan hanyarsa ta zuwa Yola, ya aika da labari Turai. Aka yanke shawarar tura jirgi ya bi kogin, ya kuma neme shi. Laird ya karɓi aikin, aka ƙera jirgin Pleiad a Birkenhead, kuma a wannan karon an yi karatun ta-natsu.

Da farko an duba jikin jirgin. Na ƙarfe ne, tsawonsa kimanin ƙafa 100, nauyinsa tan 260. An kafa masa dogayen sanduna da zannuwan kama iska domin ya ratsa teku ba tare da ya cinye gawayinsa ba, sannan ga injin tururi da farfela domin ya iya turje wa ƙarfin kogi. Na biyu, an rage Turawa zuwa 12, sauran ma'aikata fiye da 50 duka 'yan Afirka ne, cikinsu har da Samuel Ajayi Crowther da tafintoci. Na uku, an zaɓi lokaci: a watan Yulin 1854 aka shiga kogi, daidai lokacin da ruwa ke tasowa.

Na huɗu shi ne mafi ƙanƙanta a ido, amma shi ya fi kome nauyi. Tun 1820 wasu masana biyu a Faransa suka tace kwinin daga ɓawon itacen sinkona, sai dai an fi ba da shi bayan cuta ta kama mutum. John Beecroft da aka naɗa ya ja tafiyar ya rasu kafin jirgin ya iso tsibirin Fernando Po, ragama ta koma hannun wani likita, William Balfour Baikie. Shi kuwa ya sa Turawan su riƙa shan kwinin kullum, da ciwo ko babu. Ba su san sauro ne tushen cutar ba, domin sai a 1897 Ronald Ross ya tabbatar da haka, amma sun dace da maganar Bahaushe cewa rigakafi ya fi magani.

Duk da haka shirin bai rasa giɓi ba. Jirgin ya sha maƙalewa a rairayi. Da gawayi ya ƙare aka koma saran itace, kwanaki suka yi ta tafiya a bakin gaɓa. Sun kai yankin Hamaruwa, wato Muri, inda ƙarancin makamashi ya tsayar da Pleiad, Baikie ya ƙara gaba a ƙaramin kwalekwale. Barth kuwa ba su gan shi ba, domin a lokacin yana kan hanyar dawowa daga Timbuktu ta Sakkwato da Kano. Amma sun wuce inda jiragen baya suka tsaya da kusan mil 250, suka fito teku a watan Nuwamba ba tare da an rasa rai ko ɗaya ba.

Kogi bai sallama nan take ba. A 1857 Baikie ya dawo da jirgin Dayspring, dutse ya farfasa shi kusa da Jebba. Wannan ya nuna cewa ƙarfe da kwinin ba sa maye gurbin idon masunci. Baikie ya zauna, ya kafa sansani a Lokoja, ya koyi Hausa, ya ziyarci Kano a 1862, ya rasu a Saliyo a 1864.

A nan ne labarin ya shafe mu. Ƙofar da Pleiad ya buɗe ba ta sake rufuwa ba. Bayansa 'yan kasuwa suka biyo, bayan su jiragen yaƙi. Daga Lokoja mulkin Lugard ya matsa Jebba, sannan Zungeru a gaɓar Kogin Kaduna a 1902. Ta ruwa aka kawo kayan shimfiɗa layin dogo zuwa Baro, layin da ya isa Kano a 1911. A 1917 aka mayar da hedikwata garin Kaduna, inda unguwannin arewacin kogi irin su Unguwar Sarki suka bunƙasa daga baya. Ko gadar ƙarfen nan ta Lugard da aka gina a Zungeru a 1904, an ɗauko ta an kafa a Kaduna a 1954, shekara ɗari cif bayan tafiyar Pleiad.

Sau da yawa idan ana maganar faɗuwar ƙasar nan a hannun Turawa, bindiga mai ruwa ake tunawa. Gaskiya ne ta yi aiki, amma wanda zai riƙe ta sai da ya fara tsira daga zazzaɓi. Sau biyu suka faɗi, suka zauna suka ƙidaya matattunsu, suka tambayi kansu me ya kashe su, suka gyara guzuri. Kogin yana nan inda yake, rairayi na cike shi, manyan motoci na farfasa hanyoyinmu da kayan da ruwa zai iya ɗauka. Abin da ya rage shi ne mu ma mu zauna mu yi irin wannan ƙidaya.