Ɗumamar yanayi

ɗumamar yanayi (suna, mace): Ƙaruwar matsakaicin zafin doron ƙasa a tsawon shekaru, sakamakon taruwar iskar kabon a sararin sama, wato iskar da ke fita idan an ƙona kwal, fetur ko gas, wadda take tare zafin da ƙasa ke mayarwa sama kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki. Ta bambanta da zafin bazara, domin masana ba sa tabbatar da ita sai sun kwatanta awon shekaru talatin ko fiye.

Illarta ta fi tsanani a ƙasashe masu tasowa, inda noma ya dogara ga ruwan sama, alhali kuwa Afirka baki ɗaya ba ta wuce kusan kashi 4 cikin 100 na iskar da duniya ke fitarwa ba. Ambaliyar Pakistan ta 2022, wadda masu bincike suka alaƙanta tsananinta da ɗumamar, ta shafi mutum miliyan 33, kuma a wannan shekarar ne taron ƙasashen duniya kan yanayi da aka yi a birnin Sharm el-Sheikh na ƙasar Masar ya amince da kafa asusun tallafa wa ƙasashen da suka yi asara, ko da yake kuɗin da aka yi alkawari bai taka kara ya karya ba.